Abin da Kawu Gilbert Ya Karanta wa Mama

Mama ta rasu ranar Talata, sati biyu kafin Ista, a ɗakina a Kafanchan. Sunanta Miriyam, shekararta saba'in da biyar. Ni ce 'yarta ta fari, Lucia. Acca da citta nake sayarwa a kasuwa. A aji uku na bar makaranta, sauran karatun da na iya a ajin zumuntar matan majami'armu na koye shi, don haka wanda ya ga rubutuna bai miƙe ba ya yi haƙuri. Abin da na gani da abin da aka faɗa mini nake rubutawa.

Kwana uku kafin ta tafi, ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, sai ta ce, "Lucia, na manta fuskar babana."

Na ce, "Mama, shekara nawa yanzu? Ai dole."

Ta ce, "Ina rufe ido in ga hularsa, in ga hannunsa a kan fartanya. Fuskar ce ba ta zuwa. In na je can na wuce shi ban gane shi ba fa?"

Na yi dariya don in kwantar mata da hankali, na ce shi zai gane ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Akwai hotonsa a jarida. Yayana Gilbert ya ce gara ta cinye tasa. Amma ai ba guda ɗaya suka buga ba. Ki nemo mini."

Na ce zan nemo. Ban nemo ba har ta tafi.

Labarin jaridar nan kowa a gidanmu ya san shi. Kakana, Kambai, manomi ne a Madakiya. Mama tana da shekara bakwai ya ɗaure kayansa ya ce zai tafi aikin kuza a Godogodo. Daga nan shiru, shekara huɗu. Yayan Mama, Gilbert, shi kaɗai ne ya yi boko a gidan, yana kwalejin horon malamai. Ya zo hutu a shekarar hamsin da tara, Mama ta buɗe akwatinsa za ta wanke masa kaya, sai ta ga jarida a naɗe a ƙasan akwatin. Ta buɗe, ga babanta a tsaye cikin hoto. Ta fita da gudu tana kiran uwarta, wadda muke ce wa Kaka. Kaka ba ta iya karatu ba, Mama ma haka. Aka kira Gilbert daga gona. Ya karɓi jaridar ya tsaya a tsakar gida ya karanta musu cewa rami ya rufta da leburori shida a Godogodo, ba a samu gawarsu ba, kuma Kambai na cikinsu. Ya ce ya ɓoye ne don yana neman yadda zai faɗa.

Aka aske wa Kaka kai. Tun da ba gawa, aka binne rigarsa da fartanyarsa a bayan gida, don a samu inda za a tsaya a yi addu'a. Bayan shekara ɗaya dangi suka ba ƙanen Kambai Kaka, kamar yadda ake yi a lokacin. Mama ta share wannan kabari duk Disamba har ƙafafunta suka daina kai ta. Ni ma na share shi.

Kawu Gilbert kuwa ya zama hedimasta, ya zama dattijon ikkilisiya. Da babana ya rasu ina ƙarama, shi ya tsaya mana. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni gaban fasto ranar aurena. Tun da matarsa ta rasu, duk Lahadi bayan sujada nakan dafa faten acca in kai masa, mu zauna a baranda mu ci a kwano ɗaya. Yakan ture mini naman zuwa gefena ya ce haƙoransa sun yi ritaya tun kafin shi. Na faɗi wannan don a san ba maƙiyina ba ne.

Da Mama ta kusa cika shekara, muka sa ranar yi wa kabarinta siminti da addu'ar tunawa a Madakiya. Za a buga ɗan littafin tarihinta da ake rabawa, wanda muke ce wa firogiram. Na ƙudura a raina hoton babanta zai shiga ciki kusa da nata. Abin da ya rage mini in yi mata ke nan.

Wata Lahadi muna ci na tambayi Kawu sunan jaridar.

Ya ce, "Wace jarida?"

"Wadda hoton Baba Kambai ke ciki."

Ya daɗe yana tauna abin da ba ya bukatar tauna. Ya ce, "Shekara sittin da biyar, Lucia. Jiya ma ban tuna inda na ajiye tabarau ba. Ki bar wannan magana, wanda ya tafi ya tafi."

Na ɗauka ciwon rasuwar ƙanwarsa ne. Har na ji kunyar tambayar.

A zumuntar mata na samu hanya. Wata tsohuwa ta ce a zamanin nan jaridar da ke yawo a majami'unmu ita ce Fitilar Kudu, da Hausa ake buga ta, wata-wata, a nan Kafanchan. Ta ce in je wajen Mama Milka a bayan kwatas ɗin reluwe, babanta ne ke jera baƙaƙen jaridar, kuma da aka rufe gidan bugun shi ya kwashe abin da ya rage.

Ranar Laraba na bar wa maƙwabciyata rumfa na tafi. Mama Milka tsohuwar nas ce, gajera, muryarta kamar tana kiran mara lafiya daga ƙarshen layi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ma gona ce? Duk wanda ya zo nan rigimar iyaka ce ta kawo shi."

Na ce, "A'a, Mama. Hoto nake nema."

"To, ke ce ta farko mai hankali a bana. Wanke hannu. Ki bar shi ya bushe sosai. Kuma in na ga kin lashi yatsa za ki juya shafi, ƙofa tana nan."

Ɗakin ajiyar ƙarami ne, yana warin kananzir. An ɗinke jaridun shekara-shekara, kowace shekara cikin buhun shinkafa, an ɗora su a kan benci, ƙafafun bencin cikin gwangwanaye da kananzir saboda gara. Ta fito da buhun hamsin da tara ta shimfiɗa mini a tebur. Takardar ta yi ja kamar ruwan shayi, gefenta yana karyewa in an matsa.

Ni karatuna da yatsa ne, kuma sai na faɗa a baki nake ganewa. Na ga tallan keke. Na ga lokacin tashin jirgin Jos da na Inugu. Na ga wani fasto yana faɗa a kan mata masu zuwa sujada da tukunyar taba. A kowane wata akwai wani layi a shafi na uku mai suna Sun Huta, inda ake jera waɗanda suka mutu. Nan na sa kaina. Na bi Janairu suna bayan suna, na bi Fabrairu. Yini ya ƙare ina Afrilu. Laraba ta biyu na kai Satumba. Laraba ta uku na gama Disamba. Ba Kambai. Ba labarin rami ko ɗaya.

Na zauna na riƙe kai. Mama Milka ta shigo da ruwa ta ce, "Ke wai me kike karantawa sati uku kamar mai shirin jarrabawa?"

Na ba ta labarin duka. Ta ajiye kofin ta ce, "Tsaya. Hoton lebura a layin matattu?"

"Haka aka ce."

"Ba a yi ba. Babana kan ce hoto ɗaya ya fi shafi biyu wahala. Sai an aika da shi a jirgi a zana shi a kan ƙarfe, a jira sati uku ya dawo. Matattu ba a sa musu hoto, sai babban fasto ko sarki. In kin ga hoton talaka a jaridar nan, to wani abin murna ne mishan ke son a gani. Ki bar shafi na uku. Ki duba bayan kowace."

Ban taɓa juya bayan ko ɗaya ba. Na koma Janairu ina kifa su ɗaya-ɗaya. A bayan ta Agusta na same shi.

Maza shida ne a jere, da fararen riguna, kowa riƙe da takarda a ƙirji. Ba wanda ya nuna mini shi. Na uku daga hagu, goshin Mama ne, da yadda take karkata kai in za a ɗauke ta hoto. Na ce, "Ga shi," sai hawaye. Mama Milka ta janye jaridar da sauri kada ya ɗiga a kai, ta ba ni gefen zanenta na share ido.

Sannan na sa yatsa a kan manyan baƙaƙen da ke sama. An rubuta: Sun Warke, An Sallame Su.

Na karanta sau biyu. Na ɗauka karatuna ne ya gaza. Na ce, "Mama, ki karanta mini."

Ta ce, "A'a. Ke za ki karanta. Ina nan."

Na karanta. An ce mutanen nan shida sun gama shan magani a asibitin kutare na mishan a Rafin Tsamiya, likita ya gwada su ya tabbatar cutar ta mutu a jikinsu, ba za su sa wa kowa ba. Aka bi su da suna. A kan na uku an ce: "Kambai na Madakiya, wanda ya karɓi sunan Boaz a baftisma, ya shekara huɗu a nan. Yatsunsa biyu kawai suka taɓu, yana iya noma. Yana gaida matarsa da 'ya'yansa biyu, Gilbert da Miriyam. Yana roƙo ɗaya daga cikinsu ya zo ya tafi da shi gida."

Na ce, "Me ya hana shi tahowa da kansa? Ai ya san hanya."

Mama Milka ta zauna a kan benci. Ta ce, "Ke yarinya ce. A lokacin, wanda ya fita da wannan cuta ba ya shiga gari da ƙafarsa, ko da takardar likita goma. Sai nasa ya je ya taho da shi, ya zaunar da shi a gaban dattawa, su sa hannu a kwano ɗaya kowa yana gani. In jininsa ya ci da shi, gari ya karɓe shi. In ba wanda ya zo, can zai zauna. Na yi aiki da irinsu, na sani."

A raina ina nema wa Kawu hanya. Na ce ko daga baya ne ramin ya rufta. Na ce ko ya je ɗauko shi ya tarar ya mutu, ya haɗa labarin biyu don ya rage wa Kaka zafi.

Ta ce, "Masu cigiya sukan sake a Disamba, saboda Kirsimeti. Kina so mu duba, ko ya ishe ki?"

Na ce mu duba.

Disamba ta sittin, layi uku ba hoto: Boaz Kambai yana nan lafiya, yana jiran mutanen gidansa. Disamba ta sittin da ɗaya, haka. A ta sittin da biyu ya ƙara da cewa Miriyam ta isa aure yanzu, yana so ya gan ta kafin a kai ta. A ta sittin da uku layi ɗaya ne: yana gaida kowa a Madakiya. Bai roƙi komai ba. Bayan wannan babu.

Mama Milka ta ce yanzu sai mu koma shafi na uku. Ita ta ɗauki wasu shekarun, ni na ɗauki wasu. Sai Laraba ta gaba muka same shi, kuma ita ta gani. Ta turo mini buhun saba'in da ɗaya ta sa yatsa kusa da wurin, ta fita waje ta bar ni.

Nuwamba ce. "Baba Boaz Kambai, mai kula da lambun lemu na Rafin Tsamiya, ya huta ranar tara ga wata. Ya shekara goma sha shida a cikinmu. Ɗansa Malam Gilbert, wanda ya saba ziyartarsa, ya zo jana'iza. A kwanakinsa na ƙarshe yana yawan ambaton jikarsa Lucia, wadda aka haifa a Janairu, ko da yake bai gan ta ba."

Sunana ne a wurin. Wata goma ina duniya, yana duniya. Mama tana goye da ni tana share kabarin riga da fartanya, shi kuma yana ban ruwa a lambu yana kiran sunana. Kuma mutum ɗaya ne zai iya kai masa sunan.

Mama Milka ta raka ni shagon hoto da kanta, riƙe da jaridun kamar jariri, aka ɗaukar mini kowane shafi. Da za mu rabu ta ce, "Kawun naki yana da rai?" Na ce yana da rai. Ta ce, "To Allah ya ba ki baki."

Lahadi na dafa fate kamar kullum. Ban san me ya sa ba, hannuna ne ya yi. Na sami Kawu a baranda da rediyonsa. Ya ce, "'Yar gidan Miriyam, yau kin makara, har cikina ya fara kai ƙara." Na ajiye kwanon, na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ni ban wanke ba. Na ciro takardar farko na sa masa a cinya.

Na ce, "Kawu, na samo jaridar. Ka karanta mini."

Yana da yanar ido, ba ya ganin ƙananan baƙaƙe ko da tabarau. Ya ɗaga takardar kusa da fuska, ya ga mutum shida a jere. Ya mayar da ita cinya. Ya kashe rediyo.

Na ce, "To ni bari in karanta maka." Na fara da yatsa, ina tuntuɓe. Da na kai "wanda ya karɓi sunan Boaz" na dakata. Sai na ji shi ya ɗauka. "A baftisma, ya shekara huɗu a nan. Yatsunsa biyu kawai suka taɓu, yana iya noma." Ya kai har ƙarshe, idonsa a kan titi, bai ɓata kalma ɗaya ba. Mutumin da bai tuna sunan jarida ba.

Na ce, "Ashe ka iya karanta shi daidai."

Ya ce, "Tun ranar da zai tafi na sani. Ni na raka shi da kaya har bakin rafi. Ya ɗaga riga ya nuna mini tabon a bayansa, ya ce kada in faɗa wa kowa, in ya warke zai aiko."

"Ya aiko."

"Ya aiko. Lucia, ba ki san lokacin ba. A kwaleji duk farkon zango sai an tuɓe mu an duba fatarmu. Wani ɗan ajinmu, aka ji kawai cewa gwaggonsa na da cutar, ba wanda ya ƙara zama kusa da shi, har ya tattara ya tafi. Saura mini shekara ɗaya in gama. In na zauna gaban dattawa na ci da shi, wa zai ba ni ɗansa in koyar? Na ce bari in gama tukuna. Na ɓoye jaridar. Sai uwarki ta buɗe akwati."

"Laifin Mama ne ke nan."

"Ban ce ba. Na tsaya a tsakar gida, su biyu suna kallon bakina. Ban shirya ba. Maganar ta fito, kafin yamma an aske wa uwata kai. Ta ina zan dawo da ita?"

"Shekara goma sha biyu, Kawu. Ba rana ɗaya a ciki?"

Ya ce, "Bayan an ba ƙanensa uwata, in ya dawo ina za a sa shi? Kuma uwarki, wa zai auri 'yar kuturu? Ke kanki da ba a haife ki ba."

Na ce, "Kada ka sa ni a ciki." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na ce, "Shi me ka faɗa masa? Da kake zuwa, yana tambayarka, me kake cewa?"

Ya shafa gwiwa. Ya ce, "Ina kai masa sabulu. Ina kai masa bargo duk shekara."

"Me ka faɗa masa?"

"Na ce masa uwata ta yi wani aure, ta ce kada ya zo."

"Miriyam fa?"

Ya kawar da kai. Na sake tambaya. Ya ce, "Na ce tana jin tsoro."

Wannan ce ta karya ni. Matar da ta share kabarinsa shekara hamsin da wani abu, wadda ta mutu tana tsoron kada ta wuce shi ba ta gane shi ba, shi ya tafi da sanin cewa ƙyamarsa take yi. Na ce, "Ranar da take kwance a ɗakina ka zo ka riƙe hannunta ka yi addu'a. Ta ce maka ta manta fuskarsa, ina tsaye. Ka ce mata za su haɗu a sama."

Ya ce, "Na so in faɗa. Na ga ba ta da ƙarfin ɗauka."

"Kai ne ba ka da shi."

Faten ya huce a tsakaninmu, ƙuda na sauka a bakin kwanon. Ya ce, "Ki sa hoton a firogiram, ki yanke rubutun. Ba wanda zai sani. Shekarata tamanin da huɗu, Lucia. Ki bari in kwanta tukuna, sannan ki faɗa wa duk wanda kike so. Ba zan daɗe ba."

Na ce, "Kullum sai an jira ka gama wani abu." Na tattara takarduna. Kwanon na bar masa.

Sati biyu ina juya maganar. Na yi tunanin ranar aurena, da yadda ya tsaya a kan gonar babana da dangi suka so ƙwacewa. Na je wajen mai buga firogiram sau biyu ina dawowa da takardun a jaka. A na uku na ba shi. Na ce ya sa hoton yadda yake, da rubutun da ke ƙarƙashinsa, kuma inda aka rubuta a tarihin jana'iza cewa mahaifinta ya rasu a ramin kuza a hamsin da tara, ya cire, ya sa Rafin Tsamiya, Nuwamba, saba'in da ɗaya. Ban sa sunan Kawu a ko'ina ba, sai inda babansa ya sa shi da kansa.

Ranar addu'ar an yi rumfa a ƙofar gida a Madakiya. Kawu ya zo da farar rigarsa, aka zaunar da shi a gaba. A gidanmu duk wani abin karantawa, na biki ko na mutuwa, shi ake miƙa wa, ko da ido ya tafi yakan faɗa da ka. Da fasto ya ce a karanta tarihin marigayiya, mai riƙe da makirfon ya nufi wajensa. Na tashi na karɓa.

Na karanta da yatsa, a hankali, yadda na iya. Wasu 'yan mata a baya suka fara dariyar karatuna, sannan suka daina. Na karanta cigiyar farko. Na karanta ta Disamba huɗu ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Na karanta ta Sun Huta, amma na tsallake layin da ya ce wane ne ya zo jana'iza. Ban ce kowa ya yi komai ba. Tsofaffin da ke wurin sun san wanda ya tsaya a tsakar gida da jarida a hannu. Na ga kawunansu suna juyawa ɗaya-ɗaya. Kawu bai ɗaga kai ba, yana riƙe da firogiram a rufe.

Da aka gama na je kabarin Mama, simintin bai gama bushewa ba. Na buɗe shafin na riƙe shi a saitin kanta. Fuskar ba ta fi farcen babban yatsa ba, kuma ta yi duhu a bugun. Na ce, "Mama, ga shi. Na uku daga hagu. Goshinki ne, ba za ki wuce shi ba. In kin same shi ki faɗa masa ba tsoro kika ji ba."

Lokacin abinci, matan da ke rabo ba su san komai ba sai abin da suka saba gani. Suka kawo kwano ɗaya suka ajiye a gaban Kawu, suka jawo mini kujera kusa da shi. Ya wanke hannu. Ya ture naman zuwa gefena. Bai fara ci ba, ya ɗora hannun a bakin kwanon yana jira, mutane suna kallo ta gefen ido.

Na san abin da yake roƙo. Shi ma ya san na sani. Na tsaya a kansa. Sannan na wuce wajen tukwane na ce a zuba mini nawa daban.

Yau wata biyu ke nan. Duk Lahadi ina dafa faten, in ba mai mashin ya kai masa, ya dawo mini da kwanon. Wani lokaci an ci, wani lokaci ba a taɓa ba. Fasto ya zo rumfata har sau biyu, ya zauna a kan buhun acca ya yi mini maganar gafara, ya ce tsohon ba shi da lokaci mai yawa. Duk abin da ya faɗa na san shi, na kuma san kamar wa nake zama. Na ce masa yana iya ci gaba da yi mini addu'a. Hannuna dai bai shiga kwanon nan ba tukuna.